Tashar Nguru: Garin da Dogo Ya Ƙare a Cikinsa

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi arewa maso gabas tsawonsa kilomita 229 ne. Ya ratsa Zakirai da Ringim da Taura da Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, sannan ya tsaya cik a Nguru. A 1930 ya isa can, kuma har yau ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba. Duk tarihin tashar Nguru a kan wannan tsayawar ya rataya. Arzikinta ya zo ne domin a nan ƙarfe ya ƙare, don haka dole duk wanda ke gabas da ita ko arewa da ita ya kawo kayansa nan. Ran da kaya suka sami wata hanya, tashar ta fara ramewa, jirgin fasinja kuma ya bi bayan kayan, domin dama a bayansu yake goye.

Ba jirgi ne ya kafa Nguru ba, saɓanin garuruwa irin su Kafanchan da mahaɗar dogo ta ɗaukaka su. Tsohon gari ne a ƙasar Manga, kuma a da nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda ke riƙe da yammacin daular yana fuskantar ƙasar Hausa. Fatake sun san hanyar tun kafin zuwan Turawa: kanwa da gishirin Manga suna gangarowa kudu da yamma, goro da tufafi suna haurawa. Abin da jirgi ya yi shi ne ya ɗauki wannan tsohuwar mahaɗa ya ɗaura ta da tashar jiragen ruwa ta Legas, tazarar kimanin kilomita 1,355.

Don a gane dalilin shimfiɗa reshen, sai a koma 1911, shekarar da dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya isa Kano. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa wa rai, suna lissafin ciyar da masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda in ta yi kwantai a ci ta, ƙasa mai rairayi kuma tana karɓarta. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekaru kaɗan kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Sai dai cinikin yana da iyaka, kuma kuɗin dako ne ke shata ta. Jaki buhu guda yake ɗauka, raƙumi biyu zuwa uku, kuma kusan buhu 13 ne ke cika tan ɗaya na ɓararriyar gyaɗa. Da zarar gona ta yi nisan 'yan kwanaki daga bakin dogo, ladan masu dabbobi sai ya cinye ribar, manomi ya ga gara ya shuka geronsa. Hanyar faɗaɗa cinikin ita ce a matso da dogo kusa da gonaki. Shi ya sa aka fitar da reshe biyu kusan lokaci guda: ɗaya daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ɗayan kuma wannan na Nguru.

An buɗe shi a mummunan lokaci. Kasuwar duniya ta karye a ƙarshen 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, gwamnati ta ɗaure bakin jaka. Daga Nguru ba a sake shimfiɗa wani dogon layi sabo a Najeriya ba sai bayan shekara kusan talatin. Wannan tsaiko shi ya bai wa garin tsawon zamani yana cin moriyar zama bakin dogo na yammacin Borno da abin da ya yi iyaka da shi a Nijar.

Tashar ƙarshe ta fi ƙaramar tashar hanya ɗawainiya nesa ba kusa ba. Ƙaramar tasha dandamali take buƙata, da ofishin shugaban tasha, da layin ratse guda inda jirgi zai kauce wani ya wuce. A tashar ƙarshe kuwa jirgi zai kwana, a sake shirya shi, ya juya. Kan jirgi mai aiki da kwal ba a son ya yi doguwar tafiya da baya, saboda haka dole a tanadar masa hanyar juyawa, ko dai faifan ƙarfe da ake ɗora shi a kai a murɗa, ko layuka uku da aka haɗa mai kusurwa uku: ya shiga ɗaya da gaba, ya koma ta biyu da baya, ya fito ta uku fuskarsa na kallon inda ya fito. Dole a sami layin zagaye da kan zai bi ya rabu da taragunsa ya dawo ɗaya gefen. Sai tankin ruwa a bisa ƙafafun ƙarfe da famfon da ke cika shi, da wurin jibge kwal, da ramin zubar da toka, da ɗakin kwanan direba da mai zuba kwal da gadi. Sai siton kaya da sikeli, da layukan da ake tura taragu a yi lodi, da shingen tara shanu mai gangaren da za su hau. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin ma'aikata, ma'aikata kuma suna nufin gidajen reluwe, da kasuwa, da masu sayar da abinci.

Ruwa da kwal su ne ciwon kan zamanin tururi, kuma Nguru ta ji su sosai. Kwal ɗin daga Inugu yake zuwa: ya haye Binuwai a Makurɗi, inda aka buɗe gadar jirgi a 1932, ya bi ta Kafanchan da Kaduna da Zariya da Kano kafin ya sauka a nan. Duk taragon da ya ɗauko kwal, tarago ne da bai ɗauko hajar da za a biya kuɗinta ba. Ruwa kuma ba kowane iri ba. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin ɓawo a jikin bututun tukunyar jirgi. Ɓawon yana hana zafi ratsawa, sai a ƙona kwal da yawa a sami tururi kaɗan, in kuma aka yi sakaci bututu ya yi zafi fiye da kima ya fashe. Maganinsa wanke tukunya a kai a kai, wanda ke nufin kan jirgin zai yini bai yi aiki ba. Ga kuma ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa. Tsofaffin taragu gindin tayarsu a cikin akwatin mai yake juyawa, da tsumma jiƙe da mai yana shafa shi. Idan yashi ya shiga ko man ya bushe, ƙarfe ya ci ƙarfe, akwatin ya ɗau zafi har ya yi hayaƙi. Shi ya sa a manyan tashoshi ake da mai bin taragu ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa akwatunan da bayan hannu, yana ƙwanƙwasa taya da guduma yana sauraren ƙarar, domin taya mai tsaga ba ta amsawa garau. Taragon da aka samu da zafi sai a cire shi a ajiye a gefe, ko da kayan wa ke ciki.

Layin guda ɗaya ne tal, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke. Abin da ke hana su karo wata dabara ce mai sauƙi da ta cancanci a yi bayaninta, domin ita ce zuciyar aikin shugaban tasha. An raba layin gida-gida, daga wannan tasha zuwa ta gaba. Kowane yanki yana da alamar izini ta ƙarfe da ke kulle a cikin na'ura, na'urorin tashoshin biyu kuma waya ta haɗa su. Shugaban tasha zai buga wa maƙwabcinsa ƙararrawa yana neman hanya. Sai wancan ya amince sannan na'urar ta saki alama guda, kuma muddin tana waje, ba wata da za ta fita a kowane ɓangare. Direba ba zai motsa ba sai alamar na hannunsa, in ya isa tasha ta gaba ya miƙa ta, a mayar da ita cikin na'ura, yankin ya sake buɗewa. Tsarin yana da aminci ƙwarai, amma gaba ɗayansa a kan siririyar wayar da ke bin gefen dogo ya dogara. Iska ta kada turke ko ɓarawo ya yanke wayar, sai a koma ba da izini a takarda da jiran tabbaci, tafiyar awa ɗaya ta zama ta uku. Mafi yawan lattin da fasinja ke ɗora wa direba daga nan yake fitowa, ko daga jiran jirgin da ke tahowa a wuce juna a layin ratse.

Fasinjan reshe irin wannan bai cika samun jirgi nasa na kansa ba. Abin da aka saba shi ne jirgi mai haɗe-haɗe: 'yan taragun mutane a maƙale da taragun kaya. Wannan yana rage wa hukuma kuɗi, domin kai ɗaya da ma'aikata ɗaya ne ke jan duka, amma fasinja ne ke biya da lokacinsa. A kowace tasha da ke da lodi sai an tsaya an cire tarago an saka wani, mutane na zaune suna jira. In aka yi lissafi da matsakaicin gudun kilomita 30 a awa, haɗe da tsaye-tsayen, Kano zuwa Nguru ya haura awa bakwai. A 1930 wannan abin mamaki ne, domin tafiya ce ta fiye da mako a kan dabba ko a ƙafa. Talaka aji na uku yake shiga, bencin katako, da tabarmarsa da butarsa da ƙunshin guzuri. Akwai fatake, da 'yan cirani masu gangarawa bayan kaka su dawo kafin damina, da almajirai masu tafiya gabas neman karatu, da ma'aikatan kudu masu zuwa hutu gida. Jirgin ya kawo baƙi suka zauna: akawuna da masu gyaran inji daga kudu, 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo, da Kwarori masu sayen gyaɗa. Kamfanoni irin su UAC, wanda aka kafa a 1929, da John Holt sun saba kafa kanti a duk inda dogo ya tsaya, su sayi amfanin gona ta hannun dillalai, su sayar da atamfa da gishiri da kananzir.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da mutane da yawa ke tsallakewa idan suna begen zamanin jirgi. Tikitin fasinja bai taɓa riƙe reshen Nguru ba. Kuɗin kula da dogo ba ya raguwa don jirage sun yi kaɗan. Irin wannan layi yana cin ƙafafun shimfiɗa, waɗanda ake gicciyawa a ɗora dogo a kansu, wajen 1,400 a kowace kilomita, wato sama da 300,000 daga Kano zuwa Nguru, galibi na ƙarfe saboda gara ba ta barin katako. Kowace guda tana da maƙalai da ke riƙe dogo, kowace mahaɗar sanda biyu tana da farantan ƙarfe da notuna. Dole heluma, wato shugaban masu gyaran hanya, da leburorinsa su bi yankinsu a ƙafa, su ɗaure abin da ya kwance, su cusa tsakuwa ko ƙasa a ƙarƙashin ƙafar da ta nutse, su share ciyawa, su yashe kwalbati. Za a biya su ko jirgi goma ne ya wuce a rana ko guda ɗaya a mako. Kaya masu nauyi da ke tafiya mai nisa su ne ke iya ɗaukar wannan nauyi. Tan ɗaya na gyaɗa da aka yi lodinsa a Nguru yana biyan kuɗin kilomita 1,355, shi kuwa fasinja sau da yawa a Malam Madori ko Ringim zai sauka.

Kayan kuwa akwai su. Bayan gyaɗa akwai ƙaro, wanda dajin wannan yanki ya shahara da shi, da fatu da ƙiraga, da auduga, da kanwa. Sai shanu, waɗanda labarinsu ya fi na sauran nuna amfanin jirgi. Saniyar da aka kora a ƙafa zuwa kudu makonni take yi a hanya, ta ratsa dazukan tsando na tsakiyar ƙasar, ta isa a rame, wasu ma ba sa isa. A tarago kwanaki kaɗan ne. Amma shi ma yana da nasa sharaɗin: in aka cusa su da yawa, wadda ta faɗi ba ta tashi, 'yan uwanta su tattake ta. In aka yi musu sakwa-sakwa kuma, duk birkin da aka taka sai sun zube. Dole mai rakiya ya bi su yana tayar da wadda ta durƙusa, kuma taragon shanu ba ya jure a yi watsi da shi a layin ratse yini guda cikin rana. Wannan wahala tana cikin abin da ya haɓaka sana'ar busar da nama da Nguru ta yi suna a kanta. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne. In aka yanka a nan, aka dafa aka busar, abin da za a biya wa kuɗin dako ya ragu sosai, ba ya mutuwa a hanya, kuma kasuwannin Ibadan da Legas suna jiransa. Daga baya aka gina mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi, da matatar man gyaɗa, duka saboda dogo yana bakin ƙofa.

Dalar gyaɗa, wadda yanzu ake zana ta a matsayin alamar arzikin Arewa, tana da wata fuskar da ma'aikacin reluwe ya fi kowa sani. Dala guda kan ɗauki buhu har 15,000, kuma ba a Kano kaɗai aka yi su ba, har a Malam Madori da ke kan wannan reshe. Dalilin tara su shi ne jirgi ya kasa kwashewa. Gyaɗa a cikin 'yan watanni take shigowa bayan kaka, layi kuma ɗaya ne zuwa teku, kawunan jirgi da taragu sun gaji bayan yaƙin duniya na biyu, sababbi ba su iso da wuri ba. Sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara. Ana jera buhunan da tsini ne don ruwa ya zurare, a lulluɓe da tamfol, amma duk da haka ƙwari suna ɓarna, danshi yana kawo fumfuna. Kowace dala shaida ce ta yawan noma, kuma shaida ce cewa tun a lokacin ganiyarsa dogon bai wadatar ba.

A 1955 aka mayar da sashen reluwe na gwamnati hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma fara shigo da kawunan jirgi masu aiki da man dizal. Ba a daɗe ba aka yanke shawarar da ta fi kowace taɓa Nguru. An daɗe ana maganar kai dogo Maiduguri, kuma wanda ya dubi taswira zai ga miƙa shi daga Nguru hanya ce a buɗe, ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Amma aka zaɓi a fito daga Kuru kusa da Jos, a ratsa Bauchi da Gombe, inda ake sa ran auduga da gyaɗar sababbin yankuna. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 a 1958, rancensa na farko ga Najeriya. Layin ya isa Bauchi a 1961, ya shiga Maiduguri a 1964. Ta fuskar ƙasa baki ɗaya zaɓin yana da hujja, domin ya buɗe yankunan da ba su taɓa ganin jirgi ba. Ta fuskar Nguru kuwa, Borno ta sami wani bakin dogon, tashar kuma ta tabbata a matsayin lungu, ba mashiga ba.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Rikicin 1966 ya sa ɗimbin ƙwararrun ma'aikatan reluwe 'yan gabas suka bar Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin Fatakwal ya kuma toshe kwal ɗin Inugu. Farin farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, sannan cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta gama da abin da ya rage. Ƙasar da hukumar cinikinta ke sayen gyaɗa kusan tan miliyan ɗaya a shekara a tsakiyar shekarun 1960 ta daina fitar da ita waje. Kuɗin man fetur kuma a kwalta aka zuba su, man mota ya yi arha, manyan motoci suka cika hanya. Mota tana zuwa har kasuwar ƙauye ta yi lodi, ta sauke a ƙofar mai saye, ba jiran tarago, ba dako sau biyu. Alƙaluman hukumar jiragen ƙasa sun nuna yadda abin ya kasance a ƙasa baki ɗaya: a 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma a 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan ɗaya da kaɗan. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, fasinja suka farfaɗo har suka haura miliyan 15 a 1984, amma kaya ba su dawo yadda suke ba. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu hayar tarago a dunƙule.

Dogo ba ya mutuwa rana ɗaya, kuma yadda yake lalacewa yana da tsari. Idan kuɗi suka ragu, abin da ake fara yankewa shi ne leburorin hanya, domin rashinsu ba ya nunawa nan take. Damina ɗaya ko biyu, kwalbati ya cika da yashi da ciyawa. Ruwa ya rasa mafita ya kwanta a jikin tudun da dogo ke kai, ƙasar ta yi laushi, ƙafafu su nutse a gefe guda. Notunan mahaɗa su yi tsatsa su kafe. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa mai zafi: sandar dogo mai tsawon mita 12 tana ƙara kusan milimita 5 da rabi idan zafinta ya hau da digiri 40, abin da ke faruwa cikin sauƙi tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara. Ɗan gibin da ake bari tsakanin sanda da sanda don wannan aka bar shi. In mahaɗar ta kafe, ƙarfen ya rasa inda zai miƙe, sai ya tanƙware gefe, jirgin da ya hau shi ya sauka daga layi. Injiniya ba shi da abin yi sai ya sa dokar rage gudu a wurin, kilomita 15 ko 10 a awa. Irin waɗannan wurare su yi yawa, tafiyar awa bakwai ta koma goma sha biyu, mai gaggawa ya tafi tashar mota, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, a sake rage ma'aikata. Ran da jirgi ya daina wucewa kuma, masu kwance ƙarfe su shigo, masu gini su matso cikin filin tasha.

Reshen Nguru yana da ƙarin abokin gaba, wato ruwa. Yana tafiya ne a gefen kwarin kogin Haɗeja, ƙarshensa kuma yana bakin dausayin Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwan ya sauya. Maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai ya zama yana gudana kusan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe tsofaffin hanyoyinsa, ruwa mai yawa ya karkata wajen tafkin Nguru. Magudanan da aka auna aka gina a 1930 ba don wannan ruwan aka yi su ba.

An yi yunƙurin gyara ba sau ɗaya ba. Gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangila a 1995, sannan aka sake gyara babban layin Legas zuwa Kano aka buɗe shi a Disamban 2012. An sha dawo da jirgin Kano zuwa Nguru, yana yi yana tsayawa, kuma duk lokacin da ya dawo yana samun mutane, musamman 'yan kasuwar ƙauyuka masu buhuna da kwanduna, domin kuɗinsa bai kai na mota ba. Wannan ya nuna buƙata tana nan. Amma irin waɗannan gyare-gyare sun fi karkata ga abin da ido ke gani: fenti, sababbin taragu, bikin buɗewa. Abin da ke riƙe layi shi ne albashin mai yashe kwalbati a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, kuma wannan kuɗi ne na kowace shekara da ba a yanka masa kirtani.

Yanzu kuma ga batun faɗin layi. Tsohon dogo, har da na Nguru, tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce. Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsu a 2021, milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Layin Maraɗi yana da reshe zuwa Dutse, amma bai nufi Nguru ba. Ke nan idan harkar jirgi ta koma kan sabon faɗi, buhun riɗi ko ƙaro da aka ɗora a Nguru sai an sauke shi a Kano an sake lodi, kuma dako sau biyu shi ne ainihin abin da ya kori 'yan kasuwa zuwa mota tun farko. Ko dai a ci gaba da raya tsohon layin har teku, ko a gina wurin sauyin kaya mai inji a Kano, ko a sake shimfiɗa reshen da sabon faɗi, wanda shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, abin da a da na tarayya ne kaɗai. Reshen ya ratsa jihohi uku, Kano da Jigawa da Yobe, mafi tsawonsa a Jigawa. A ganinmu, duk tattaunawar da za su yi a kansa bai kamata ta fara da jirgin fasinja ba. A fara da ƙidayar lodi: tirela nawa ke tashi da shanu da riɗi da zoɓo da shinkafa da busasshen kifi daga kasuwannin Nguru da Malam Madori da Maigatari da Gashuwa a kowane mako, kashi nawa masu su za su yarda su sa hannu su ba jirgi, kuma a kan wane farashi. In wannan lissafi ya isa ya biya masu kula da kilomita 229 na dogo, maƙala taragun fasinja biyu ko uku a bayan jirgin kayan ba zai ci wani abin kirki ba, kamar yadda aka yi tun 1930.